Tarwadar Bayan Katanga

"Waɗannan ba kifi ba ne, Ango, raguna ne. Yi shiru ka kasa kunne."

Na kasa kunne. A bayan katanga ana watsa abinci cikin ruwa, sai ƙara ta biyo baya, facal-facal, mai nauyi kamar ana marin ruwa da faranti.

"Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Rana ɗaya muka zuba 'ya'yan kifin nan ni da ita. A hannun mutum ɗaya muka saya. Kai, nata ma ni na zaɓa mata da hannuna. To yanzu saurari nawa."

Ya ɗebi abinci a gwangwani ya watsa cikin tankinsa. Tarwadar suka taso baƙaƙe, suna ture juna da gashin baki. Ƙararsu dai siririya ce, kamar yayyafi a kan kwanon rufi.

"Ai lafiyarsu ƙalau, Baba."

"Wa ya tambaye ka lafiyarsu? Mai banda lafiya take ɗorawa a sikeli?"

Baba surukina ne, mahaifin matata. Ango yake ce mini tun ranar da aka ɗaura mana aure, ga shi har ɗiyarmu ta fara gudu bai canza ba. Wadda ke bayan katangar ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi yana kiranta Auta, mu muna ce mata Gwaggo. Mai banda kuwa wata mata ce mai katon wurin busar da kifi a bayan kasuwa, wadda tun da Baba ya fara kiwo ita ke kwashe kifinsa duka. Duk lokacin kamu takan zo da motar ɗaukar kaya da yaranta da sikelinta, ta zauna a kujerar Baba ta sha ruwa, a yi raha, a loda. A unguwar an san cewa wanda mai banda ta tsaya a ƙofarsa shi ne ya iya kifi. Wannan karon kuwa an gaya wa Baba an ga ta leƙa gidan Gwaggo, ta kuma daɗe a ciki.

Kafin kifi, Baba direban tankar ruwa ne. Shekara da shekaru yana kai ruwa wuraren gini, har bayansa ya ce ya gaji. Da ya ajiye tuƙi abu biyu ya taho da su gida: kujerar motar, wadda ya cire ya kafa a gindin mangwaron tsakar gida, da sanin ruwa. Yana duban ruwa ya gaya maka ko ya kwana ko bai kwana ba. Da ya fara gina tankunan siminti a bayan gidan mahaifinsu, mutane dariya suka yi ta yi masa, wai direba zai yi noma a cikin baho. Zubin farko duk suka mutu a hannunsa, aka kwashe su a baro, unguwa ta yi kwana da kwanaki tana wari. Bai daina ba. Ya koyi canza ruwa, ya koyi ware manya daga ƙanana don kada su cinye su, ya sayi ƙaramin injin da ke fitar da abinci ƙwaya-ƙwaya, ya riƙa haɗa nasa da masara da waken soya da garin kifi. A hankali waɗanda suka yi dariya suka fara sallama a ƙofa, wannan kifinsa ya daina ci, wancan nasa suna yawo a saman ruwa. Baba yakan saka takalman robarsa ya bi mutum har gida, ba ya karɓar komai. Abin da yake so kawai a ce a gaban jama'a, "Baba ne ya duba mini."

Da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gida da yara, aka raba gidan da katanga, ta samu ɗaya ɓarin. Baba ne ya gina mata tanki, shi ya ja mata bututu, shi ya kai mata 'ya'yan kifi a bokiti ya ce, "Gwada, Auta, ko na miya ki samu." Wannan maganar yakan maimaita mini ita kusan duk zuwa.

"Na miya na ce, Ango. Na miya. Ban ce ta buɗe kamfani ba."

Abin da ya shiga tsakaninsu wani gari ne. Gwaggo ta je wani taron masu kiwo da shagon abincin kifi ya shirya, ta dawo da leda mai sheƙi da dogon suna a jiki, furobayotik. Ba ta ɓoye ba. Ranar da ta dawo gidan Baba ta fara shiga, lokacin yana zaune da abokansa masu kiwo a gindin mangwaro. Ta ce an yi musu bayani wasu ƙananan halittu ne masu amfani a cikin garin, waɗanda ido ba ya gani, kamar dai yis ɗin burodi. In kifi ya ci su suna zama a hanjinsa, su taimaka masa ya narkar da abinci, ya yi saurin girma, ruwan ma ya rage wari.

Baba ya karɓi ledar ya juya ta, ya miƙa mata.

"Yis? To Auta, in sun kumbura sai ki kira mu mu kawo shayi."

Abokan suka fashe da dariya. Ɗaya har da riƙe ciki. Gwaggo ta yi murmushi ta ɗaure ledarta a bakin mayafi.

"Shi ke nan, Yaya. Allah ya ba da sa'a."

Wannan dariyar ce ta rufe masa ƙofa. Da wata ya zagayo kifinta suka fara wuce nasa, ba shi da bakin da zai tambaya. Sai ya koma sauraro. Ya matsar da kujerar tankar daga gindin mangwaro zuwa jikin katanga, wai can ya fi iska. Umma, matarsa, ta ce masa in iska yake nema ya hau katangar gaba ɗaya ya huta.

Ni nakan je gaishe su ranar da ba ni da aiki, in zauna a benci in saurara. Ba na cewa komai mai yawa, shi ma ba amsa yake nema ba. Wata rana ya ce ruwanta ne ya fi, don rijiyar ɓarinta ta fi zurfi, kuma shi ya san lokacin rabon gida an yi masa wayo. Wata rana ya ce ba girma ba ne, kumburi ne, in an yanka za a tarar da iska. Da yaron Gwaggo ya kawo wa Umma ƙatuwar tarwada a roba, Baba ya dube ta ya ce ɗaya ce aka zaɓo don a nuna masa. Umma ta dafa, muka ci, shi ya ce cikinsa ba daɗi. Daga baya na gan shi a bakin ƙofar kicin yana auna ƙashin kan kifin da tafin hannunsa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne sallama. Ƙofofin gidajen biyu suna kusa da juna. In aka yi sallama sai ya gyara zama ya jawo takalman roba, sai kuma ya ji muryar Gwaggo tana amsawa, ana cewa, "Gwaggo, don Allah nawa ne ba sa ci." Cikin masu zuwa har da wanda ya riƙe ciki ranar dariya.

"Dube shi," in ji Baba. "Ni na koya masa riƙe raga. Da wutsiya yake kama tarwada, tana kaɗa shi."

Ran nan na zo na tarar da shi cikin fara'a, har yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya ja ni ɗakin da yake ajiye buhuna, ya tura ƙofa, ya ɗaga wani buhu ya fito da gwangwanin madara. Ya buɗe. Gari ne a ciki, ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗan ƙanshin tsami.

"Kada ka gaya wa matarka. Ita da uwarta bakinsu ɗaya."

"Shi ne na Gwaggo, Baba?"

"Na Gwaggo? Ita ta ƙera shi? Na kasuwa ne."

Ashe mota ya hau ya tafi wani shago can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi, ya ce wani maƙwabcinsa ne ya aiko shi, ya karɓa ya fito da sauri ba tare da ya tsaya jin bayani ba. Da ya iso gida ya juye garin a gwangwani, ledar kuwa ya cusa ta a murhu ta ƙone ƙurmus, don kada Umma ta gani ko iska ta kwashe ta ta jefa bayan katanga.

"Ba a rubuta yadda ake sawa a jiki ba, Baba?" na tambaya.

"Ango, ni za a rubuta wa yadda ake ba kifi abinci?"

Ni ma dai ban san yadda ake sawa ba.

Yadda ya saba haɗa abincinsa haka ya yi. Ya zuba masara da soya da garin kifi a babban baho, ya kawo garin gwangwani ya barbaɗa da hannu sake, ya ce in Auta cokali take sawa shi ludayi zai sa, a ga wanda zai riga wani. Sannan Umma ta sauke tukunyar tafasasshen ruwa ya kwarara a kai, ya tuƙa da muciya har ya kama jikinsa, tururi na tashi. Ya tura a inji, ya baza ƙwayoyin a kan tamfol a tsakiyar rana su bushe ƙarau. Bayan haka, kamar yadda yake yi duk mako tun mutuwar zubinsa na farko, ya fasa kafso na kashe ƙwayoyin cuta ya zuba a kowane tanki. Wannan kafson ba ya wasa da shi. Yakan ce shi ne ya tsare masa kifi duk shekarun nan.

Ya jira. Kullum da safe sai ya kamo ɗaya ya riƙe a hannu yana jijjigawa, ya mayar. Kifin suna girma irin girman da suka saba, ba su ƙara ba, ba su rage ba. Fara'ar ta tafi. Ya fara cewa jabu aka sayar masa. Daga baya ya ce a'a, garin rufa-ido ne kawai, akwai wani abin da Auta take sawa ta ɓoye, ta kawo musu leda don ta ɓatar da sawu. Gaisuwar safe da suke yi ta saman katanga ta koma "lafiya" ɗaya tak. Da Gwaggo ta aiko aron tiyo ya ce a ce mata ya huje.

"Malam, tiyon da ka gama ban ruwa da shi yanzu?" in ji Umma.

"Yanzun ya huje."

Ranar da mai banda ta zo ina gidan. Motar ta tsaya tsakanin ƙofofin biyu, ba a san ta wa ce ba. Baba ya sa wankakkiyar riga tun safe. Gidansa ta fara shiga, ta gaishe shi da kyau, ta tambayi baya, ta zauna a kujerar tanka ta sha ruwa. Sannan ta ce a kamo mata. Baba ya zura raga da kansa, ya daɗe yana zaɓe, ya fito da wadda ta fi duka. Mai banda ta karɓa ta riƙe ta a wuya, ta juya ta, ta mayar cikin ruwa a hankali.

"Baba, kifinka masu kyau ne. Sai dai masu sayena yanzu manya suke nema. In na busar da waɗannan sai su koma kamar yatsa. Ka ƙara musu lokaci. In sun kai ka kira ni, ai ni taka ce."

"Ba komai," in ji Baba. "Dama ban yi niyyar kamu yanzu ba."

Ta fita. Muka ji ta yi sallama a ɗaya ƙofar. Daga nan sai ƙarar bahuna, da ihun yaranta, da sikeli yana ƙara, wani yana cewa, "Kai, riƙe ta da hannu biyu!" Baba yana zaune ya kafa wa tankinsa ido. Ya tuɓe wankakkiyar rigar ya rataye a reshe. Can ya tashi ya ce wa Umma ta ɗora ruwa, zai haɗa sabon abinci. Ya shiga ɗakin buhuna ya fito da baho, ya fito da gwangwanin ma a fili, ko ɓoyewa bai yi ba, ina jin ransa ya ɓaci har ya manta.

Ruwan yana kan wuta Gwaggo ta shigo, zaninta a jiƙe har gwiwa.

"Yaya, motar ba ta cika ba. Na ce mata a zaɓi manyan naka a haɗa da nawa, ta yarda."

"A haɗa da naki."

"Eh, ai duk gida ɗaya ne."

"Kifina ne zai zama cikon mota? A sa su a ƙasa, naki a sama, a rufa musu asiri? Na gode, Hajiyar kifi. Je ki sallami baƙinki."

"Yaya, ni ce fa. Auta."

"Na gane ki. Ai yanzu kowa ya gane ki."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai idonta ya sauka a kan gwangwanin da ke gefen baho, murfinsa a buɗe. Ta dubi tukunyar da ke tafasa. Ta dubi tamfol ɗin da ke shimfiɗe a rana, da fankon kafso a bakin tanki. Na ga ta cije leɓe.  Ta juya wajen Umma da ke tsugune a bakin murhu, ta ɗaga murya kamar Umma tana can wata unguwa.

"Matar Yaya, kin san abin da ya faru da wata ƙawata?"

"Wace ƙawar taki kuma, uwar kinibibi?"

"Ba ki san ta ba. Ta sayi garin nan irin nawa, ta zuba masa tafasasshen ruwa. Na ce mata, baiwar Allah, abu mai rai kika dafa? Ai kin kashe su tun ba su ga kifi ba. Sai an gama abincin ya huce, a dama garin a ruwan sanyi, a yayyafa a kai, a bar shi ya sha iska a inuwa. A inuwa fa, ba a rana ba. Kuma wanda kifin za su ci a ranar kaɗai ake yi wa."

"Oh, ikon Allah," in ji Umma, tana satar kallon Baba. "Ita ƙawar taki ba ta tambaya ne?"

"Ina fa. Girman kai gare ta kamar me. Ga shi kuma tana zuba kafso duk mako, kifi lafiyarsu ƙalau. Shi kafso ina ruwansa da mai amfani da marar amfani? Duk wanda ya tarar kashewa yake. Sai in ciwo ya zo ake sa shi."

"Allah ya shirye ta."

"Amin, matar Yaya. Bari in je, suna jirana."

Duk wannan Baba ya juya baya yana kwance igiyar wani buhu da ba a ɗaure take ba. Gwaggo ta fita. Jim kaɗan motar ta tashi, muka ji ta tana nishi da kaya har ta sha kwana.

Tukunya tana ta ɓararraka. Umma ta ce, "Malam, ruwan ya tafasa." Ya ce ta bar shi tukuna. Ya ɗauki gwangwanin ya leƙa ciki. Saura kaɗan a gindi. Ya zo ya zauna kusa da ni a benci, abin da bai taɓa yi ba, ya yi ƙasa da murya.

"Ango. Cokali nawa ta ce ana sawa?"

"Ba ta faɗa ba, Baba."

"Ta faɗa mana. Kai ne ba ka ji ba."

"Wallahi ba ta faɗa ba."

Ya juya wajen Umma. Umma ta ce ita hayaƙi ya hana ta ji.

"Ka gani ko?" Baba ya buga cinyarsa. "Ka ga halinta? Ta faɗi ruwa, ta faɗi inuwa, ta riƙe awon a hannunta. Da gangan ta yi. Tun tana ƙarama haka take, in ta ba ka rake sai ta riƙe wuƙar. So take in taka in je in ce, Auta koya mini. Ni. Ni da na kai mata kifi a bokiti."

 Ya daɗe yana juya gwangwanin a hannu. A bayan katanga Gwaggo ta fara wanke tankin da aka kwashe, muna jin tsintsiya a kan siminti.

Baba ya miƙe, ya danna murfin gwangwanin ya jefa shi a aljihun wando. Ya shiga ɗaki ya fito da sifana da guntun roba, ya zura takalmansa.

"Ina zuwa kuma, Malam? Ga ruwa na ƙonewa."

"Sauke shi. Bakin bututun tankinta yoyo yake, in ta cika shi haka rabin ruwan a ƙasa zai ƙare. Ana ta kifi, kifi, ko sifana ba ta iya riƙewa ba." Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Ango, naɗe mini tamfol ɗin nan kafin in dawo."

Ya fita, gwangwanin yana bugun cinyarsa, muka ji shi yana ƙwala sallama a ɗaya ƙofar da ƙarfi kamar mai zuwa faɗa.